Matashi mai ciwon damuwa da ke ji wa kansa rauni: abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna da inda ya tsaya

Abubuwa biyu sun sauya a Ghana cikin 'yan shekarun nan, kuma dukansu sun shafi duk gidan da ke da matashi mai fama da damuwa. A watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta yi wa dokar laifuka ta 1960 gyara, ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifukan da ake gurfanar da mutum a kansu. A watan Nuwamba na 2024 kuma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu ƙarƙashin katin NHIS, ciwon tsananin damuwa na cikinsu. Hukuma dai ta karɓe lamarin daga hannun ɗan sanda ta miƙa wa likita.

A cikin gida kuwa ruɗanin na nan. A ɗauki misalin uwa a Nima ko Mamobi. An zo sa wa 'yan mata lallen biki, 'yarta mai shekara 15 ta ƙi miƙa hannu, da aka matsa sai ga tabo a jere. Kafin magariba uwar ta ji bayani uku. Maƙwabciya ta ce iska ce. Uban yarinyar ya ce shagwaɓa ce da yawan latsa waya. Wani ɗan uwa da ya yi boko ya turo hoto ta WhatsApp, ƙwaƙwalwa mai ɗige-ɗigen ja da shuɗi, ya ce masana sun gano ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara daban take, a kai ta a yi mata hoton kai. Bayanin nan na uku shi ne baƙo a zangunanmu, shi ya fi buƙatar warwara, domin akwai gaskiya a cikinsa, an kuma ɗora wa gaskiyar kayan da suka fi ƙarfinta.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Ciwon damuwa a bakin likita ya wuce ɓacin ran kwana biyu. Sai halin ya ɗauki aƙalla mako biyu, kusan kullum, mutum na cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ga rikicewar barci da cin abinci, ga kasala, ga raina kai, ga kasa tattara hankali, wani lokaci har da tunanin mutuwa. A wajen matasa sau da yawa ciwon ba da kuka yake zuwa ba, da fushi yake zuwa. Yaro ya zama mai saurin hasala, ya rufe ɗaki, makinsa ya zube, gida kuma a karanta abin a matsayin rashin kunya. Wasu ta jiki yake fito musu, ciwon kai da ciwon ciki da faɗuwar gaba, a yi ta sayen maganin maleriya a kemis ba sauƙi.

Ji wa kai rauni shi ne mutum ya raunata jikinsa da gangan ba da niyyar mutuwa ba. Tsagar gado da hudar kunne da ƙahon wanzami ba sa ciki, tunda al'ada ta san su kuma ba ƙuncin zuciya ke jawo su ba. Yawanci abin na farawa tsakanin shekara 12 zuwa 14. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta a matsayin yanayin da ke buƙatar ƙarin bincike, da sharaɗin a yi shi a ranaku biyar ko fiye cikin shekara guda.

Yunƙurin kashe kai shi ne na uku, kuma niyya ce ta raba shi da na biyu. Sai dai rabuwar ba ta da kauri. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2011, kan matasa masu ciwon damuwa da ke karɓar magani ya nuna cewa waɗanda ke ji wa kansu rauni sun fi sauran yiwuwar yin yunƙurin kashe kai a watannin da suka biyo baya. Don haka mai cewa “ai ba mutuwa take so ba” yana iya yin gaskiya game da yau, amma maganarsa ba dalilin kwanciyar hankali ba ce.

Yawan abin a Accra

Ana yawan cewa wannan ciwon Turawa ne. Alƙaluman da aka tattara a nan gida ba su yarda ba. Emmanuel Nii-Boye Quarshie, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Ghana, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Leeds ta Birtaniya, sun tambayi matasa 2,107 masu shekara 13 zuwa 21 a yankin Accra, 'yan makaranta da masu rayuwar titi. Sakamakon da suka buga a 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar ya taɓa cutar da kansa. Ma'aunin da suka yi amfani da shi mai faɗi ne, ya haɗa mai niyyar mutuwa da marar niyya, amma adadin bai yi nisa da kashi 17 cikin ɗari da ake samu in an haɗa binciken ƙasashe da dama ba. A aji mai ɗalibai 50, lissafin yara goma ake yi.

Ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba

Sassan ƙwaƙwalwa ba tare suke girma ba. Can ciki, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curi da bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba, sunansa amigdala. Aikinsa kamar na mai gadin unguwa ne: da ya ji motsi sai ya busa usur, zuciya ta hau bugawa, jiki ya ɗau shiri. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke zaman mai unguwa, shi ke fitowa ya duba ko ɓarawo ne ko akuya, ya ce kowa ya koma ya kwanta. Mai gadin da sauran sassan da ke kula da motsin rai suna kama aiki gadan-gadan tun lokacin balaga. Sashen goshi kuwa, da jijiyoyin da suka haɗa shi da su, ba sa kammala nuna sai wajen shekara 25.

Masu bincike da kansu sun ce wannan kwatance ya taƙaita abu mai sarƙaƙiya, amma yana bayyana abin da kowace uwa ta sani: maganar da babba zai ji ya kaɗe riga, ita matashi zai kwana uku yana juyawa. A wannan shekarun ne kuma idon tsara ya fi nauyi. Wariya a aji, ko hoton da aka yaɗa a waya ana dariya, ko faɗuwa jarrabawar BECE alhali abokai sun wuce, duk suna sauka ne a kan ƙwaƙwalwar da usur ɗinta ya fi mai unguwarta ƙarfi. Kowane matashi haka yake. Tambayar masu bincike ita ce, me ya bambanta wanda ya kai ga raunata kansa?

Abin da injin ke gani

Hotunan da ke yawo yawanci daga wani nau'in MRI, wato injin ɗaukar hoton cikin jiki, suke fitowa, wanda ake kira fMRI. Hanyar ta samo asali ne daga aikin Seiji Ogawa, ɗan Japan, a 1990. Injin ba ya ganin tunani, ba ya ma ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki kai tsaye. Jini yake bi. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, saboda haka duk sashen da ya kama aiki sai a ƙara tura masa jini mai iskar oksijin, bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ƙarin injin ke aunawa.

Kamar mutum ne ya hau bene a Sabon Zango yana kallon inda ake ta shiga da kulolin abinci. Zai san akwai taro a gidan. Ba zai san ko suna ake yi ko zaman makoki ba. Launukan ja da shuɗi kuma ba a cikin kai suke ba, kwamfuta ce ke shafa su bayan an yi lissafi, kuma galibi ba ƙwaƙwalwar mutum ɗaya suke nunawa ba. Ana haɗa ta mutum 20 ko 30 a fitar da matsakaici, a gwada da matsakaicin wani rukunin.

Abin da aka gano

Daga cikin ayyukan farko akwai na Paul Plener da abokansa a Ulm ta Jamus a 2012. Sun nuna wa 'yan mata 18 hotuna masu tayar da hankali suna cikin injin, rabinsu masu ji wa kansu rauni. A wajen waɗannan, amigdala da wasu sassan da ke maƙwabtaka da aikinta sun fi ɗaukar zafi. Mai gadinsu ya fi saurin busa usur ke nan.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ma daga Ulm ya fito a 2016, domin ya gwada matasa masu ciwon damuwa da ke raunata kansu da masu ciwon damuwar da ba sa yi. An sa su wani wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, wanda a tsakiyarsa sauran 'yan wasan ke daina jefo wa mutum, su bar shi yana kallo. Wasan shiri ne, amma zafin wariyar na gaske ne. Masu raunata kansu sun nuna ƙarin aiki a wasu sassan goshi, ciki har da na tsakiya wanda ke motsawa idan mutum na tunanin kansa da yadda wasu ke ganinsa. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce, wariya na yi musu nauyi fiye da sauran, ƙwaƙwalwar kuma na shan wahala wajen sauke nauyin.

A 'yan shekarun nan asibitocin Sin sun fitar da bincike masu yawa ta wata hanyar, inda ake barin matashin ya kwanta shiru ba a ba shi aikin komai ba, a ga yadda sassan ke motsi da yadda suke tafiya tare. Su ma suna samun bambanci, musamman a sassan goshi da waɗanda ke aiki idan hankali ya koma ciki yana saƙa da warwara. Sai dai wurin da wannan bincike ya ce aiki ya ƙaru, wancan na iya cewa ya ragu. Abin da ya fi maimaituwa shi ne cewa sadarwa tsakanin mai gadi da mai unguwa ba ta tafiya yadda take a sauran matasa.

Akwai kuma shaidar da ba ta hoto ba. Idan mutum ya shiga matsi, jiki na fitar da sinadarin kotisol don ya taimaka masa ya fuskanci abin. Wani bincike a Jamus a 2012 ya sa 'yan mata magana da lissafi a gaban alƙalai masu ɗaure fuska, sai aka ga kotisol ɗin masu raunata kansu bai tashi kamar na sauran ba. Ana ganin irin wannan dusashewa a jikin mutanen da suka daɗe cikin matsi, musamman tun suna yara. An kuma sha gwadawa an ga suna jure zafin jiki fiye da sauran, ba sa ma fara jin sa da wuri.

Yadda ciwo ke zama mafaka

Nan ne iyaye suka fi kasa fahimta. Mutum da hankalinsa, ya ji wa kansa ciwo, ya ce ya samu sauƙi?

Idan aka tambayi matasan, amsar da ta fi yawa a ko'ina ita ce suna so ƙuncin da ya cika musu ƙirji ya lafa. Wasu na cewa hukunta kansu suke yi, domin sun yarda ba su da amfani. Wasu kuma sun kai inda ba sa jin komai, suna neman su ji wani abu ko mene ne. Neman a kula da su na nan cikin dalilai, amma ba shi ne kan gaba ba, shaida kuwa yawancinsu ɓoye tabon suke yi. A nan ma akwai abin lura: jagororin ƙasashen waje na cewa a sa ido kan yaro mai sa dogon hannu a lokacin zafi, alamar da ba ta da amfani a gidan da 'ya mace ke cikin hijabi kullum. Shi ya sa a zango abin kan daɗe ba a gani ba.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa, zafin jiki da zafin rai suna da wasu sassa da suke tarayya a kansu, kamar insula da wani sashe da ke tsakiya ta gaba. Binciken da aka yi a Amurka a 2003 da wancan wasan ƙwallo shi ya fara jawo hankali ga wannan. Lokacin da zafin jiki ya gushe, mutum kan ji sakayau na ɗan lokaci, kuma sakayau ɗin kan ja zafin rai ya sauka tare da shi. Jiki ma na sakin nasa sinadaran rage raɗaɗi, endofin. Ƙwaƙwalwa kuwa mai saurin koyo ce: duk abin da ya kawo sauƙi nan take, tana riƙe shi. Sauƙin ba ya daɗewa. Kunya da tsanar kai na biyo baya, ƙuncin ya dawo ya fi na da, hanyar da aka koya ta sake kira. Wannan zagaye ne ke sa abin ya zama jiki, shi ne kuma dalilin da ya sa “ki daina” kaɗai ba ta aiki. An ce ta saki abin da ta riƙe, ba a miƙa mata wani ba.

Inda binciken ya tsaya

A 2022 mujallar Nature ta buga wani aiki da ya girgiza wannan fanni. Scott Marek da abokansa sun nuna cewa in ana son danganta bambancin ƙwaƙwalwa da halayya ta yadda sakamakon zai tsaya in an maimaita, dubban mutane ake buƙata, alhali matsakaicin binciken da ake bugawa na da mutum kusan 25. Binciken Ulm na 2016 duka-duka bai kai mutum 50 ba. Wannan bai mai da su ƙarya ba. Ya mai da su alamun hanya da ke jiran tabbaci.

Yawancinsu kuma sau ɗaya suka ɗauki hoton, bayan yaron ya riga ya fara raunata kansa, don haka ba su nuna wanne ya riga wanne ba. Ƙila bambancin ne ya jawo halin, ƙila halin ne ya bar sawunsa, ƙila kuma abu na uku ne ya haifi duka biyun, tunda duka da zagi da cin zarafi a yarinta an san suna taɓa waɗannan sassa. Babban aikin da Amurka ta fara a 2016, wanda ke bin yara sama da 11,000 tun suna shekara 9 da 10, irinsa ne zai iya raba wannan gardama. Ga shi kuma mafi yawan waɗanda aka gwada 'yan mata ne, daga Turai da Amurka da Sin.

Abin da wannan ke nufi ga mai aljihu a Accra a fili yake. Akwai injin MRI a manyan asibitocin birnin, kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma babu likitan da zai kalli hoton ya ce wannan yarinya na da ciwon damuwa ko za ta raunata kanta. Da hira da tambayoyi ake gano ciwon. Likita kan nemi hoton kai ne idan akwai wata alama daban, kamar farfaɗiya, ko buguwa a kai, ko shanyewar wani ɓangaren jiki.

Bayanai uku, kowanne da abin da ya riƙe

Masu jingina lamarin ga ƙwaƙwalwa suna da hujja mai ƙarfi: bayaninsu na sauke laifi daga kan yaro. Uban da ya ji cewa akwai abin da ke faruwa a jikin 'yarsa ya fi sauƙin ajiye bulala. Amma an yi nazari an ga bayanin na da kaifi biyu. Yana rage zargi, yana kuma sa mutane su ɗauka ciwon ba ya warkewa. A unguwar da ake binciken asali kafin aure, kalmar “ƙwaƙwalwarta ta taɓu” na iya bin yarinya da ƙannenta shekaru. Tsohon bayanin nan ma na cewa ƙarancin sinadarin sirotonin ne kawai ke kawo ciwon damuwa, wani babban bita da aka buga a 2022 bai sami hujjar da ta tsayar da shi ba, ko da yake wannan bai nuna magungunan ba sa aiki ba.

Masu duban zaman gida da al'umma na cewa a kalli abin da yaron ke ciki. A hirarrakin da Quarshie ya yi da matasan Accra, waɗanda aka buga a 2020, sun yi maganar rashin ta-cewa a gida da ɗora musu nauyin manya tun ba su kai ba, wasu kuma sun bayyana raunata kai a matsayin hanyar fitar da fushin da al'ada ta hana a nuna wa na gaba. Bahaushe zai gane wannan. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna yabon yaro mai haɗiye magana. Tarbiyya ce mai amfani a wurare da yawa, amma yaron da ke da ciwon damuwa, abin da ya haɗiye ba ya narkewa. Raunin wannan ra'ayi shi ne bai bayyana dalilin da ya sa 'ya'ya biyar ke gida ɗaya, matsi ɗaya, ɗaya ce kawai ta kai ga haka ba. Kuma in aka yi sakaci sai ya koma ɗora wa iyaye laifi, su kuma su toshe kunne.

Na uku shi ne bayanin addini da al'ada, wanda a zango shi ake fara nema. Musulunci ya haramta cutar da kai, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, ta kuma rufe da cewa Allah Mai jin ƙai ne gare ku. Imani da jam'i da zikiri suna riƙe mutane da yawa a lokacin ƙunci, malami kuma yana kusa, ba layi, ba kati. Matsalar na zuwa ne idan aka fassara ciwon da raunin imani, domin yaron da ya riga ya tsani kansa an ƙara masa dalili, ko idan aka tsaya a ruƙiyya da rubutu har watanni suka shuɗe. Turbar malamai kanta ta fi haka faɗi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙarni na 9 zuwa na 10, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani.

Ghana ta ga mummunan gefen wannan fage. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2012 ya nuna masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa a sansanonin addu'a, a 2017 kuma hukuma ta haramta ɗaurin. Ta kuma ga kyakkyawan gefen: wani gwaji da aka yi a Kumasi da Ibadan, aka buga a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibiti suna kula da majinyaci tare, majinyatan kuma suka fi samun sauƙi. A kan ciwon da ke gusar da hankali aka yi shi, ba ciwon damuwa ba, amma ya nuna ba dole ne iyali su zaɓi ɗaya su bar ɗaya ba.

Magani

Babu ƙwayar da aka yi don hana raunata kai. Abin da ya fi samun shaida shi ne wata jinyar hira da Marsha Linehan ta ƙirƙiro a Amurka, aka gyara ta don matasa. Ana koya wa yaro yadda zai gane ƙuncin tun yana tasowa, ya jure guguwar har ta wuce, ya faɗi buƙatarsa da baki, iyaye ma ana sa su a ciki. A gwajin da aka yi a Oslo da matasa 77, aka buga a 2014, ta rage yawan raunata kai fiye da kulawar da aka saba. Idan aka koma ga kwatancen farko, horar da mai unguwa ake yi.

Ciwon damuwar kansa ana ba shi magani. A wani gwaji na Amurka a 2004 da matasa 439, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar maganin damuwa mai suna fuloksetin da jinyar hira sun samu sauƙi, kashi 61 na masu ƙwayar kaɗai, kashi 35 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. A shekarar ce kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu matasa a makonnin farko. Wannan ya sa ba magani ba ne na saye a kemis ko karɓa daga maƙwabci. Likita ke rubutawa, a riƙa komawa yana dubawa, babba kuma ya riƙe kwalin.

Abin da ya rage wa gida

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wadda ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta nufi a kusanto da kulawa ga jama'a. Ba sai an je Pantang ko asibitin masu taɓin hankali na Accra ba, sunayen da ke sa iyali ja da baya. Asibitocin gunduma da polikilinik da dama suna da nas-nas na wannan fanni, Korle Bu na da sashensa, a Kumasi kuma akwai na Komfo Anokye. Ƙwararrun da suka san jinyar matasa kaɗan ne, an kuma daɗe ana kukan yankewar magani, don haka kati a hannu ba ya nufin komai zai zo da sauƙi. Amma tsoron cewa kai yaro asibiti zai jawo 'yan sanda, dokar 2023 ta kawar da shi.

Ranar da aka ga tabon, abin da babba ya fara yi na da tasiri a kan ko yaron zai sake buɗe baki. Duka, ko tara dangi a yi masa taron faɗa, ko sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara ba, duk suna ƙara kunya, kunya kuwa na cikin abin da ke juya zagayen. Yaron da ya karya rantsuwa zai ƙara ɓoyewa ne. Abin da ma'aikatan lafiya ke ba da shawara ya fi kama da uwa ta zauna ta ce, “Na ga hannunki. Ba faɗa zan yi ba. Me ke cin ki haka?” In yarinyar ta ce, “Ba komai, Mma,” a bar ƙofar a buɗe, a sake komawa gobe. Ana kuma so a yi tambayar da ta fi nauyi kai tsaye, ko tana tunanin mutuwa. An bincika an ga tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Idan amsar e ce, ko ta sha wani abu, ko raunin ya yi zurfi, asibiti za a nufa a ranar, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce. Magunguna da maganin ƙwari da ke ajiye a gida a kulle su. A sa ido kan barci, a kuma sa ido kan tramadol da makamantansa, waɗanda ke raunana sashen goshin da dama bai gama ƙwari ba. Wanda ɗansa ke makarantar kwana ya nemi malamin ba da shawara na makarantar, tunda wata uku yaron na hannunsu.

Game da abin da ke gaba, akwai wani dogon bincike daga jihar Victoria ta Ostareliya, da aka buga a 2012, wanda ya bi matasa kusan 1,800 tun suna shekara 14 ko 15 har suka kusa 30. Cikin waɗanda suka cutar da kansu a ƙuruciya, tara cikin goma ba su ci gaba ba bayan sun girma. Waɗanda suka yi fama da ciwon damuwa da fargaba a shekarun ƙuruciyar su ne suka fi yiwuwar cutar da kansu a lokacin girma.